Buganbiliye, inabi ko yaɗiya: gane masu yaɗo kafin ka dasa su a Yamai

Dashen da ake sayarwa a bakin titunan Yamai da gefen lambunan Yantala da Gamkalle, cikin baƙar leda, yawanci bai wuce kamu ɗaya ba, kuma ba shi da fure. Mai saye kuwa fure ne a ransa. Ya ga katangar wani gida a unguwar Filato ta yi ja wur, yana son tasa ta zama haka, sai ya nuna leda ya biya. Bayan shekara uku ne zai san abin da ya saya: ko rumfa ta lanƙwashe don nauyi, ko toho ya ɓullo a tsakar gidan maƙwabci, ko ganye ya cika wuri babu fure ko ɗaya, ko yaro ya tsinki ganye ya kai baki a kwana asibiti. Duk wannan ana iya hango shi tun itacen yana cikin leda, in an duba abu uku: da me yake hawa, me ke fita in an karya ganyensa, da yadda ganyen ke jere a jikin kara.

Maganar a kan masu yaɗon da karansu ke yin itace ne, su shekara da shekaru a wuri guda. Soso da garafuni da duma ba sa ciki.

Da me yake hawa

Wannan ya fi komai muhimmanci, domin shi ke faɗa maka abin da za ka kafa masa da irin ɓarnar da zai yi in ka ƙyale shi. Wasu karansu ne da kansa ke nannaɗe duk abin da ya taɓa. Yaɗiya da fataka da idon zakara haka suke, kiskalis, ta ado mai furen da ke rikiɗa daga fari zuwa ja, ma haka in ta fara girma. Suna son abu siriri a tsaye, igiya ko waya ko sandar da ba ta wuce kaurin hannu ba, kuma in suka samu mangwaro ko lemu ɗan shekara biyu za su shaƙe shi. Wasu kuma zare suke fitarwa, yana lalube a iska har ya kama wani abu ya murɗe. Inabi da dodoriya da antigono, ta ado mai ƙananan furanni ruwan hoda, ke nan. Zaren ba ya iya kewaye ginshiƙi mai kauri, waya yake so ko giriyaji, wato ragar waya. Kashi na uku dogayen rassa suke miƙawa su jingina, ƙaya ta riƙe su: buganbiliye, sarƙaƙiya, bubukiya, haujeri. Su ne mafiya nauyi da wuyar gyara. Alamanda, ta ado mai manyan furanni rawaya, ba ta da ko ɗaya cikin dabarun nan, in ba ka ɗaure ta ba zubewa take yi.

Babu ko guda cikinsu da ke manne wa siminti mai santsi da kansa. Mai son ya rufe katanga sai ya kafa ƙusoshi masu ido, ya ja waya a kwance kowane santimita 40, ya bar tazarar santimita 10 tsakanin wayar da bangon. Tazarar ba ado ba ce. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, bangon da ke kallon yamma yana ƙona duk sabon tohon da ya kwanta a jikinsa.

Sai ka nemi izinin mai dashe ka karya ganye ɗaya daga maƙalarsa, ka jira kaɗan. In farin nono ya tsatso, irin na tumfafiya, alamanda ce ko fataka ko itacen da ake kira ciwo, kuma biyun farko guba ne. In ruwa ne garai-garai mai ɗan danƙo, yaɗiya ce. Buganbiliye da inabi da kiskalis da antigono ba su da nono. Ka wanke hannu kafin ka taɓa ido.

Jerin ganye kuwa kallo ɗaya ya isa. Ganye ɗaya a kowace gaɓa, wannan dama na gaba hagu: buganbiliye, inabi, antigono, dodoriya, haujeri. Biyu suna fuskantar juna: kiskalis, yaɗiya, fataka, ciwo. Uku ko huɗu sun kewaye gaɓa guda, suna sheƙi: alamanda, kuma ita kaɗai ke yin haka a cikinsu. Ƙananan ganye a jere irin na tsamiya: idon zakara. In jerin ya sake rabuwa ya yi laushi irin na bagaruwa, ga ƙaya, sarƙaƙiya ce.

Buganbiliye ko kiskalis

A nan yawancin masu gida ke tsayawa, kuma mutane da yawa suna zaɓen buganbiliye don aikin da kiskalis ta fi dacewa da shi.

Buganbiliye daga Birazil take, masana tsirrai na Faransa suka fara tattara ta a shekarun 1760. Ƙayarta na fitowa daga hammatar ganye, ɗaya a kowace gaɓa, kuma ko a dashe ƙarami za ka ji ta in ka shafa kara. Abin da ake kira furenta ba fure ba ne, ganye ne guda uku da suka rikiɗe suka yi launi, sirara kamar takarda. Furen na gaskiya shi ne ɗan farin bututun da ke tsakiyarsu. Shi ya sa launin ke daɗewa makonni ba ya yaushi. Iri biyu aka fi gani. Mai ganye sumul mai sheƙi da gajeriyar ƙaya ta fi sauƙin gyara, ana iya aske ta a mai da ita shinge. Mai ganye mai gashi-gashi da babbar ƙaya lanƙwasassa ta fi ƙarfi da nauyi, ita ce ke hawa kan dogon yaro ta rufe shi. Launin kuwa, ja ne ko shunayya ko fari ko ruwan goro, ba a gane shi tabbas daga ganye. Ka sayi wadda ke da ko da fure ɗaya a jiki, ko ka yanko reshe daga uwar da ka gani da idonka.

Laifinta na farko ba nata ba ne, na mai ita ne: yawan ruwa. In ana zuba mata kullum, ga taki mai yawa, sai ta yi ta fid da dogayen rassa kore shar masu ƙaya, fure kuwa babu. Itace ce da ke yin fure in ta ji ƙishi kuma ta sha rana, aƙalla awa biyar zuwa shida a yini. Wadda ta shekara biyu a ƙasa, bokiti biyu sau biyu a mako sun ishe ta a bazara, a hunturu ma ƙasa da haka. In ta ƙi fure, a tsai da ruwa har ganyen ya fara langaɓewa, sannan a ba ta sosai sau ɗaya. Furen a kan sabon reshe yake fitowa, don haka bayan kowane zubi a datse kan rassan da kamar santimita 20. Laifi na biyu saiwarta ce, ba ta jure taɓi. Wanda ya fizge dashen daga leda ƙasar ta warwatse, ya riga ya kashe shi. Da reza ake tsaga ledar a sauke curin ƙasar a hankali. Na uku, in ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na nan kore, yawanci an dasa ta ne a kan ɓaraguzan siminti da magina suka binne a gindin katanga.

Kiskalis, wadda masana ke kira Combretum indicum, ƴar kudancin Asiya ce, kuma dangin geza da taramniya ce tamu. Ganyenta biyu-biyu ne, dogaye, masu laushi, sabon toho yana da gashi mai ruwan ƙasa. Dashen ƙarami ba shi da ƙaya. Sai ta girma, in tsohon ganye ya faɗi, gindin maƙalarsa ya rage a jikin kara ya taurare ya zama ƙugiya, da ita take riƙe abin da ta hau. Furenta ba ya ɓoyuwa: dogon bututu siriri mai baki biyar, a curi yana reto. Da yamma yake buɗewa fari, washegari ya koma ruwan hoda, daga baya ja, har ka ga launi uku a curi guda. Ƙanshinsa da dare yake tashi.

To, wacce? In katanga ce ta waje, mai shan rana yini guda, ga ruwan famfo da tsada, kuma ana son ƙayar ta hana mai tsallake, buganbiliye ba ta da abokin takara. Amma rumfar da iyali ke zama ƙarƙashinta, ana shimfiɗa tabarma yara na yawo ba takalmi, ba wurinta ba ne. Busasshen reshenta da ya faɗo yana huda silifa, launin da ke zuba kuma sai an share safe da yamma, inuwarta ma ba ta kai yadda ake zato ba domin tsakiyarta busassun rassa ne. Kiskalis ta fi ta inuwa mai sanyi, ba ta zubar da ƙaya a ƙasa. Kuɗinta ruwa ne: bokiti biyu kowane kwana biyu a bazara, in ba haka ba bakin ganye ya ƙone, iskar hunturu kuma ta kakkaɓe ta. Tana kuma fid da toho daga saiwa, mita biyu ko uku daga gindi, har ƙarƙashin katanga zuwa gidan maƙwabci. A cire shi da fartanya tun yana ƙarami. Masu cewa tana tara sauro da maciji suna da ɗan gaskiya in an bar gindin ya cunkushe. A aske duk rassan da ke ƙasa da mita ɗaya da rabi, iska ta riƙa ratsawa. A Tawa, inda ruwan sama ba ya kai milimita 400 a yawancin shekaru, kiskalis sai gidan da ke da rijiya ko wurin da ruwan alwala ke gangarawa.

Antigono, wadda masu lambu ke kira liyan korai, daga Meziko take. Ganyenta siffar zuciya ne, mai tattaɓara, jijiyoyi a fili. Furen ƙanana ruwan hoda ko fari a dogon jeri, kuma zaren kamunta a ƙarshen jerin furen yake fitowa. Gindinta kaɗai ke yin itace, saman ba shi da nauyi, shi ya sa ita ce ta dace da giriyaji da rumfar da ba ta da ƙarfi. Cikin damina ɗaya take rufe wuri. In aka daina ba ta ruwa saman ya bushe, ganyen ya maƙale a waya yana ƙura, amma ba ta mutu ba: saiwarta na da kumburi irin na dankali a ƙarƙashin ƙasa, ruwan farko za ta dawo. Wannan kumburin ne ke sa da wuya a raba ta da wuri in ta kafu, iri kuma yana zuba ya tsira ko'ina. Ƙudan zuma na son ta ƙwarai, kada a sa ta a bakin ƙofa. Ɗan haya da ke son inuwa da wuri ya dasa ta cikin rabin tano.

Alamanda, mai manyan furanni rawaya masu faɗin baki, ta fi kowa kyau a leda, ta kuma fi kowa ba da kunya bayan an kai ta gida. Itacen ƙasa mai laima ce. Busasshiyar iskar Disamba zuwa Fabrairu na zubar da ganyenta, ranar yamma na ƙona ta, nononta na sa ƙaiƙayi a fata, in aka ci kuma amai da gudawa. Gidan da ke da ƙananan yara ko awaki a sake ya haƙura da ita.

Inabi

Ba a rikita shi da komai in an duba gaɓa: ganye a gefe ɗaya, zaren kamu mai reshe a ɗaya gefen, daidai suna fuskantar juna. Ganyen mai faɗi ne, an yanka shi kashi uku ko biyar, bakinsa zarto-zarto. Tsohon kara ɓawonsa na saɓulewa a tsaye zare-zare. Yana yi a Nijar, lambunan Timiya a cikin duwatsun Ayar shaida ne, amma can suna da sanyin dutse da Yamai ba ta da shi. Kada a shuka ƙwayar inabin kasuwa, abin da zai fito ba zai yi kama da uwarsa ba. A nemi yankan reshe mai kaurin fensir, mai ido uku ko huɗu, daga kurangar da aka ga tana ba da ƴaƴa a garin nan.

Inabi ragon layya ne, kullum sai an leƙa shi. Abin da ya fi hana shi haihuwa a Yamai shi ne rashin aski. A ƙasashen sanyi yana zubar da ganye ya huta, sannan ya farka da fure. A nan sanyin bai isa ya kwantar da shi ba, sai ya yi ta yaɗo shekara guda cur, rumfa ta cika da ganye, ƴaƴa kuwa ƴan tsiraru ne a lokuta daban-daban. Dole mai shi ya tilasta masa hutun, yadda manoman jihar Maharashtra ta Indiya ke yi da aski biyu a shekara. Shekarar farko a bar kara ɗaya tak ya hau har saman rumfa, ana cire duk tohon gefe; a can sama a tsinke kansa ya rabu biyu ko huɗu, waɗannan su ne hannuwa na dindindin. Daga shekara ta biyu ko ta uku, in damina ta ɗauke a Oktoba, a tsai da ruwa mako biyu zuwa uku, a tsige ganyen duka da hannu, a datse rassan da suka nuna suka yi ruwan ƙasa a bar wa kowanne ido biyar zuwa takwas, koren da bai nuna ba a cire shi. Sannan a zuba ruɓaɓɓen taki bokiti biyu a kewayen gindi, a ba shi ruwa sosai. Cikin mako biyu idanun za su fashe, ƴaƴan su nuna bayan kamar wata huɗu, wato Fabrairu zuwa Maris, kafin babban zafi. Bayan girbi a sake datsewa ƙasa sosai, ido ɗaya ko biyu, don a samu rassan da za su haihu baɗi.

Wanda ya yi askin haihuwa a farkon damina zai ga fure, amma laimar Agusta za ta kawo fumfuna a ganye da ƴaƴa, su ruɓe kafin su nuna. In ƴaƴan sun fara laushi a rage ruwa, yawansa a lokacin na fasa su. Tsuntsaye da jemagu kuma sai an rufe kowane curi da tsohon gidan sauro. Babba yana shan lita 20 zuwa 30 kowane kwana biyu a bazara. Ka lura kuma, watannin da aka tsige ganye rumfar ba ta da inuwa. Mai neman inuwa kawai ya bar inabi.

Waɗanda ke zuwa da kansu

A sababbin unguwanni da gonakin bayan gari, masu yaɗo na daji ba sa jiran a dasa su. Tambayar ita ce wanne za a bari.

Yaɗiya da fataka dangi ɗaya ne, dukansu suna nannaɗewa, ganye biyu-biyu, irinsu na da farin gashi mai tashi a iska, kuma a kan shinge ɗaya ake samun su. Ɗaya abinci ce, ɗaya guba. Ganyen yaɗiya ya fi tsawo da tsini, kore ne mai haske. Siffarsa na canzawa ko a kara guda, wani kamar kan mashi wani mai faɗi, don haka kada a dogara da siffa kaɗai. Ganyen fataka zuciya ne sosai, mai zurfin tsaga a gindi, toka-toka, in ka shafa ka ji gashi mai laushi. Karya shi: fataka farin nono take fitarwa nan take, yaɗiya ruwa mai danƙo. Kwanson yaɗiya dogo ne sumul. Na fataka biyu ne a haɗe, jikinsu duk ƙaya mai taushi. Tsohuwar yaɗiya kuma karanta na yin ɓawo mai kauri, fari-fari, tsattsage, mai taushi in an danna farce. Majema sun san fataka, da ita suke cire gashin fata, kuma gubarta zuciya take kamawa, tana kashe dabbar da yunwa ta sa ta ci. A tumɓuke ta da saiwa, da safar hannu. Yaɗiya kuwa, ga wanda ba shi da ruwan ban itace, babu mai yaɗon da ya kai ta: tana nan kore a tsakiyar bazara ba a zuba mata ko kofi ba, ana tafasa ganye da furenta a zubar da ruwan ɗacin a kwaɗa da ƙuli-ƙuli ko a sa a dambu. Furenta ƙanana ne ba na ado ba, inuwarta kuma ba ta da kauri. A ba ta darni ko rumfar awaki, a nisanta ta da ƙananan itatuwa.

Idon zakara ba a yi masa sassauci. Kara siriri, ganye irin na tsamiya, ƙaramin kwanso da ke fashewa in ya bushe ya bar jajayen ƙwayoyi masu baƙin ɗigo a maƙale, suna sheƙi. Yara na tsince su don wasa. Ƙwayar na ɗauke da guba mai suna abirin, in aka tauna ko aka fasa aka haɗiye tana iya kisa, kuma alamun kan jinkirta awoyi ko kwanaki kafin su bayyana. Yaron da aka ga ya tauna, a kai shi asibiti nan take ko da yana wasansa.

Dodoriya ko makaho ya gane ta: kara kore mai ruwa, kusurwa huɗu, gaɓa-gaɓa, yawancin shekara ba ganye, zare na fitowa daga gaɓar. Kowane guntu da ya faɗi ƙasa yana kamawa. Ba ta ba da inuwa, ruwanta na sa ƙaiƙayi, amma tana cike ɓarakar shinge a wurin da ba a ban ruwa. Ƴar'uwarta dafara, wadda magina na dā ke jiƙa saiwarta mai yauƙi don shafen soro, ta fi son kudu mai ruwa. Ciwo ma haka, itacen kurmin bakin rafi ne. Ruwan Yamai na kusan milimita 550 a shekara, cikin wata huɗu, bai ishe shi ba sai da ban ruwa na shekaru.

Mai garka ko gona da ke neman shingen da zai tsai da dabba, masu ƙaya uku ne a gabansa, kuma wurin da ƙayar take shi ke raba su. Ta sarƙaƙiya a warwatse take ko'ina a jikin kara, gajeriya, lanƙwasassa, har a bayan ganye, ba bibbiyu a gaɓa irin ta bagaruwa ba. Furenta zangarniya ce fara-fara, kwansonta shimfiɗaɗɗe ne ja-ja kafin ya bushe. Ta haujeri biyu ce a gindin kowane ganye, kamar ƙugiyoyi, furen mai dogayen zaruruwa, ɗan kuma ƙwallo ne a kan dogon mariƙi. Yana son suri, kuma mai ganye mai gashi-gashi an san saiwarsa da guba, ba na dasawa kusa da dabbobi ba ne. Ta bubukiya tsohon mariƙin ganye ne da ya taurare, dabarar kiskalis ke nan domin gida ɗaya suka fito, kuma ɗanta na da fiffike biyar, na geza huɗu. Don shinge, sarƙaƙiya ce ta fi: a jiƙa irin a ruwan zafi ya kwana, a yi reno a leda, a dasa layi biyu a karkace, santimita 50 tsakanin tsiro da tsiro, a kare shi shekara biyu, a riƙa datse kai don ya cika daga ƙasa. In ba a datsa ba sai ta tashi sama ta bar ƙofofi a gindi, ta kuma ci mita biyu ko uku na gonar. Bubukiya awaki da raƙuma na son ganyenta, don haka kiwo ce mai kyau amma shinge ne mai rauni. Babu ɗayansu da ya dace da cikin gida.

Rami da rumfa

A kafa abin hawa kafin a dasa. Buganbiliye da kiskalis da inabi suna son ginshiƙan bututun ƙarfe na milimita 50, a binne santimita 50 cikin kankare, tsayin mita biyu da rabi a sama, tazarar da ba ta wuce mita uku ba, da waya mai kaurin milimita 3 a gicciye kowane rabin mita. Duk ana samun su a kasuwar Katako. Rodi siriri na gini yana lanƙwashewa a shekara ta uku, kuma iskar da ke gaban hadarin Yuni ita ke gwada aikin. In itace za a sa, giginya ce ke jure gara; sandunan turare gara na cinye gindinsu. Kada a bar mai yaɗo ya hau rufin kwano: busasshen ganye na taruwa ya toshe indararo, ya riƙe laima, kwanon ya yi tsatsa.

Lokacin dashe ƙarshen Yuni ne zuwa Yuli, in ruwa ya zauna. Rami santimita 50 faɗi da zurfi, na inabi 60. In an tarar da marmara a fasa ta, in ba haka ba ramin ya zama tukunya ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe. A cika da kashi biyu na ƙasar sama, kashi ɗaya na takin da ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki na ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A bar santimita 60 daga katangar bulo, mita ɗaya daga ta ƙasa domin ruwan ban itace na cin gindinta, mita biyu daga ramin shadda da bututun famfo. Wuyan dashen ya tsaya daidai inda yake a leda, kada a binne shi. Wata biyu na farko lita 10 a duk ranar da ba a yi ruwan sama ba, da yamma, a kewayen gindi ba a jikin kara ba. A ɗaure reshe da tsumma ko igiyar kaba, sako-sako yadda yatsa zai shiga. Wayar ƙarfe na nutsewa cikin ɓawo in karan ya yi kauri, reshen ya bushe daga nan zuwa sama. Gidan da ke da awaki a kewaye dashen da giriyaji mai tsayin mita ɗaya da rabi har sai ganyen ya wuce bakinsu.